Bubu Hama Tsakanin Alƙalami da Kujerar Mulki

Kowace ƙasa tana da waɗansu mutane da take ɗauka tamkar iyaye. Su ne ake rataya hotunansu a bangon aji, su ne ake raɗa wa tituna da makarantu sunayensu. Da yake ɗan halak ba ya tona asirin ubansa a kasuwa, tarihin irin waɗannan mutane yakan iso wa ɗalibi a wanke, a goge, kamar rigar salla. Amma kuwa Hausawa sun ce mutum tara yake, bai cika goma ba. Idan talaka ne, ɗayan nan da ya rasa iyalinsa kaɗai yake shafa. Idan kuwa mai riƙe da ragamar ƙasa ne, giɓin yakan zama kurkuku ga wani, gudun hijira ga wani, kabari ga wani. A cikin waɗanda suka kafa Jamhuriyar Nijar, da wuya a sami wanda taransa suka cika ido, ɗayansa kuma ya yi nauyi, kamar Bubu Hama.

An haife shi a shekarar 1906 a Foneko, wani ƙaramin ƙauye na ƙasar Tera, lokacin da Turawan Faransa ba su gama kafa turakunsu a wannan yanki ba. A zamanin nan makarantar boko tilas ce ake yi wa iyaye, har waɗansu kan ɓoye ƴaƴansu idan suka ji an zo ɗiban yara. Yaron Foneko ya yi karatu a Tera, ya wuce Dori da Wagadugu, daga nan sai makarantar William Ponty da ke tsibirin Gore a Senegal, inda ake horar da malamai da akawuna na Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa. A 1929 ya dawo gida da takardar shaidar malanta, shi ne ɗan Nijar na farko da ya fito daga wannan makaranta da ita. Wannan asali nasa yana da muhimmanci, domin kuwa duk muƙaman da ya riƙe daga baya ba su kankare masa ɗabi'ar malamin makaranta ba.

Aikin da ya yi wa al'adun ƙasar nan ba ya bukatar maroƙi. A shekarun 1950 ya shugabanci reshen cibiyar bincike ta IFAN da ke Yamai. Yana daga cikin waɗanda suka tsaya tsayin daka har aka buɗe gidan tarihi na ƙasa a watan Disamba na 1959, gidan da ya haɗa ɗakunan kayan gargajiya da samfurin gidajen ƙabilu da rumfunan masu sana'ar hannu da namun daji, wanda kuma tun 2008 yake ɗauke da sunansa. Ya tattara littattafan hannu na Larabci da na ajami daga gidajen malamai, waɗanda da an bar su da gara da ruwan damina sun cinye su. Su ne tushen dubban rubuce-rubucen da ke ajiye a cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni. Da ƙoƙarinsa aka kafa cibiyar tattara tarihin baka a Yamai a 1968, wadda daga baya ta koma ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka da sunan CELHTO. Shi kansa ya wallafa littattafai da dama: tarihin Gobir da Sakkwato a 1967, tarihin Songhai a 1968, tatsuniyoyi da labaran gargajiya na Nijar, da kuma tarihin rayuwarsa, Kotia-Nima, wanda ya ci babbar kyautar adabi ta Afirka baƙar fata. Ra'ayi guda ne ya ratsa dukkan wannan aiki. Turawan mulkin mallaka sun ce Afirka ba ta da tarihi tunda ba ta rubuta shi a takarda irin tasu ba. Shi kuwa ya ce maganar dattijo a gindin bishiya, da kirarin maroƙi, da tatsuniyar tsohuwa, shaida ce da ta cancanci a saurara, a rubuta, a auna. Wannan shi ne Bubu Hama na ɗakin karatu, wanda yake sunkuyar da kai gaban talaka yana sauraro.

Akwai kuma Bubu Hama na majalisa. Yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PPN a 1946, wadda ta zama reshen RDA a Nijar, ya kuma zama shugabanta a 1956. Babbar abokiyar hamayyarta ita ce Sawaba ta Jibo Bakari, mai alamar raƙumi, wadda ta yi ƙarfi a tsakanin ƴan ƙwadago da ƙananan ƴan kasuwa da direbobi, musamman a ƙasashen Damagaram da Tasawa da Maraɗi. Jibo ne ya jagoranci gwamnatin cikin gida ta farko a 1957. Da Janar De Gaulle ya shirya ƙuri'ar raba gardama ranar 28 ga Satumba, 1958, Sawaba ta nemi jama'a su ce a'a, wato a karɓi ƴanci nan take kamar yadda Gine ta yi. Faransa ta turo sabon gwamna, Colombani, ya haɗa kai da sarakuna da jam'iyyar giwa, aka matsa wa masu a'a lamba ta kowace fuska. Sakamakon da aka bayyana ya ba masu na'am kashi 78 cikin ɗari, amma waɗanda suka fito jefa ƙuri'a ba su wuce kashi 37 cikin ɗari na masu rajista ba. A watan Disamba na wannan shekara Jori Hamani ya zama shugaban gwamnati, Bubu Hama ya hau kujerar shugaban majalisar dokoki, kujerar da bai sauka daga kanta ba sai 1974. An soke kujerun da Sawaba ta ci a zaɓen, a watan Oktoba na 1959 kuma aka haramta jam'iyyar ɗungurungum, Jibo ya zauna gudun hijira. Saboda haka ranar 3 ga Agusta, 1960, da aka ɗaga tutar ƴanci, jam'iyya ɗaya ce rak ta rage a fili. A zaɓukan 1965 da 1970 jerin sunaye guda aka miƙa wa masu zaɓe. Mutumin da ya ɗauki muryar talaka a matsayin taskar tarihi ya yi shekara goma sha biyar yana shugabantar majalisar da ba a jin muryar adawa a cikinta.

Mutanen Bana da Gaya ba a littafi suka karanta wannan zamani ba, domin ta ƙofar gidansu ya wuce. Gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, wadda aka gama a 1958, ita ce maƙogwaron ƙasar a wancan lokaci: ta nan gyaɗa take gangarawa tashar ruwa ta Kwatano, ta nan kaya suke hawowa. A ƙarshen 1963, bayan an hamɓarar da gwamnatin Hubert Maga a Dahome, rikici ya ɓarke tsakanin ƙasashen biyu, aka tayar da tsohuwar jayayya a kan tsibirin Lete da ke tsakiyar kogin Kwara, inda makiyayan Nijar da manoman ƙetare suka daɗe suna takun saƙa. Gwamnatin Yamai ta kori dubban ƴan Dahome, cikinsu har da akawuna da ma'aikatan asibiti da malaman makaranta waɗanda suka yi shekaru suna koyar da yaran Nijar. Dahome ta mayar da martani da toshe hanya. Ba a cika shekara uku da wannan ba, a 1966, sai ga shugaban majalisa ya fito da wani ƙaton littafi a kan tushen haɗin kan Afirka da asalinsa. Babu dalilin da zai sa a ce ƙarya ya rubuta. Abin da ya faɗa game da zumuncin al'ummomin Sudan ta Yamma gaskiya ne, kuma kowane ɗan Dendi da ke da ƙanin uba a Malanbil da gwaggo a Kamba shaida ne. Sai dai littafin yana wuri guda, dokar kora tana wuri guda, kuma jam'iyyar da marubucin yake shugabanta ce take mulki. Maganar Lete kuwa ba ta mutu ba sai a watan Yuli na 2005, da Kotun Duniya ta yanke hukunci cewa tsibirin na Nijar ne.

Shekarar 1964 ta fi wannan ɗaci. A watan Mayu, bayan wani taron jam'iyya a Jiratawa, kusa da Maraɗi, an kama mutane an cusa su ɗaki guda, da dama daga cikinsu suka mutu don rashin iska. Da kaka ta yi, mayaƙan Sawaba, waɗanda suka sami horo a Sin da Biyetnam ta Arewa da Aljeriya da Gana, suka kutso cikin ƙasa ƙungiya-ƙungiya ta iyakokin kudu da yamma, ta Najeriya da Dahome da sauransu, suna fatan talakawa za su tashi su mara musu baya. Talakawa ba su tashi ba. Sojoji da ƴan banga na jam'iyya suka farauce su a daji da ƙauyuka. An baje gawar ɗaya daga cikin jagororinsu, Danduna Abubakar, a Yamai don ta zama ishara, a watan Oktoba kuma aka harbe mutum huɗu a bainar jama'a. Ranar 13 ga Afrilu, 1965, wani ɗan Sawaba ya jefa gurneti a filin idi ranar babbar salla da nufin kashe Jori. Shugaban ya tsira, wani ƙaramin yaro ya rasa ransa. Kamen da ya biyo baya ya haɗa da mai laifi da marar laifi. A duk tsawon wannan lokaci mutum uku ake ambata idan ana maganar masu iko a Nijar: Jori Hamani, da ministan cikin gida Jambala Maiga, da Bubu Hama. A waɗannan shekaru ne kuma alƙalaminsa ya fi gudu, yana rubuta littattafai a kan hikimar Afirka da mutuntaka da tarbiyya.

Irin wannan saɓani tsakanin abin da mutum ya rubuta da abin da ya aikata ba a Nijar aka fara ganinsa ba. Amurkawa sun shafe shekara ɗari biyu suna fama da nasu a kan Tomas Jefasan, shugabansu na uku, wanda ya yi mulki daga 1801 zuwa 1809. Shi ne ya tsara takardar ayyana ƴancin Amurka a 1776, yana ɗan shekara 33, inda ya kafa hujja da cewa dukkan mutane daidai aka halicce su. Shi ma mutumin littafi ne: a 1815 ya sayar wa majalisar ƙasarsa littattafai 6,487 don a maye gurbin waɗanda sojojin Ingila suka ƙona, a 1819 kuma ya kafa Jami'ar Birjiniya. Amma a tsawon rayuwarsa ya mallaki bayi fiye da 600. Ya la'anci bauta a rubuce, ya sa hannu a dokar 1807 da ta hana shigo da bayi daga ƙetare, duk da haka biyu kacal ya ƴanta yana raye, biyar kuma a wasiyyarsa. Ya rasu ranar 4 ga Yuli, 1826, bashi ya yi masa katutu, a shekarar da ta biyo aka yi gwanjon mutum 130 na gandunsa na Montisalo, aka raba uwa da ɗa don a biya masu bin bashi.

Laifin mutanen biyu ba iri ɗaya ba ne, kuma zalunci ne a ɗora su a kan sikeli guda. Abin da ya sa labarin Jefasan ya dace da wannan magana shi ne hanyar da gaskiyarsa ta bi ta fito. Yana da wata baiwa, Sali Hemins, wadda ta haifi ƴaƴa shida. A 1873 ɗanta Madisan ya shaida wa wata jarida a jihar Ohayo cewa Jefasan ne mahaifinsu, zuriyarsa kuma suka ci gaba da faɗa wa ƴaƴa da jikoki. Fiye da shekara ɗari manyan masana tarihi suna watsi da maganar, suna cewa zancen bayi ne, babu takarda. Sai a 1997 wata masaniya, Annette Gordon-Reed, ta sake auna shaidun ta nuna son zuciyar da aka yi wajen ƙin su. A 1998 gwajin ƙwayoyin gado ya nuna alaƙar jini tsakanin zuriyar ɗanta na ƙarshe da dangin Jefasan, a 2000 kuma gidauniyar da ke kula da Montisalo ta amince cewa bisa dukkan alamu shi ne uban. Wato tarihin baka na marasa gata ne ya gyara tarihin takarda na manya. Wannan kuwa ita ce ainihin aƙidar da Bubu Hama ya kwashe rayuwarsa yana karewa.

To, yaya aka yi mai wannan aƙida ya zauna daram a kan kujerar jam'iyya ɗaya? Mai neman sauƙi zai ce munafunci ne ya wuce. Amma munafuki ba ya ɓata shekara hamsin yana bin tsofaffi da takarda da alƙalami. Watakila amsar tana cikin sana'arsa ta farko. Bubu Hama malami ne, Jori malami ne, Jibo Bakari ma malami ne, dukkansu kuma ƴan William Ponty. A ajin zamanin Turawa malami ne kaɗai ya sani, ɗalibi nasa sauraro da maimaitawa, wanda ya yi gardama kuwa bulala ce rabonsa. Mutumin da ya taso a haka, ya ga ƙasar da masu karatun boko a cikinta ba su taka kara sun karya ba, abu ne mai sauƙi ya ɗauki al'umma baki ɗaya tamkar aji, ya ɗauki ɗan adawa tamkar yaro mai surutu a bencin baya. Talaka in yana ba da labarin Askiya ko Bawa Jan Gwarzo, malami ne abin girmamawa. Talakan nan dai in ya buɗe baki a kan haraji ko farashin gyaɗa ko wanda yake so ya mulke shi, ya koma ɗalibi. Maganar jiya ba ta ƙwace kujerar kowa, ta yau ce take da haɗari.

Adalci ya wajabta a faɗi uzurin da mutanen wancan zamani suke kawowa. Ƙasa ce sabuwa, mai faɗi, marar hanyoyi, ga abin da ya sami Kwango a 1960 yana gaban idon kowa, ga manyan ƙasashen duniya suna zuba makamai a duk inda suka ga ɓaraka. Mulkin jam'iyya ɗaya shi ne yayi a lokacin, har a Gine da Mali da Gana, ƙasashen da suka ba Sawaba mafaka ko goyon baya. Mayaƙan 1964 kuma ba da carbi suka shigo ba, da bindiga suka zo, sun kuma zubar da jini. Duk wannan gaskiya ne. Amma tsarin shekaru yana da nasa hukunci: an haramta Sawaba a 1959, bindiga ta fito a 1964. Wanda aka toshe wa ƙofa shi ne yake haura katanga. Uzuri yana bayyana dalilin aiki, ba ya mayar da waɗanda suka mutu a ɗakin nan na ƙasar Maraɗi.

Ƙarshen al'amarin sananne ne. Fari ya addabi ƙasar tun daga ƙarshen shekarun 1960, dabbobi suka ƙare, yunwa ta kori mutane daga ƙauyukansu, ana ta ƙorafi a kan yadda ake karkatar da abincin agaji, majalisar da ya kamata ta ɗaga murya kuwa ba a saba mata da hakan ba. Ranar 15 ga Afrilu, 1974, sojoji ƙarƙashin Laftanar Kanar Saini Kunce suka kifar da gwamnati. Aka tsare Bubu Hama a Agadas yana dab da shekara saba'in, ba a sake shi ba sai 1977. Ya rasu a Yamai a watan Janairu na 1982. Jibo Bakari, wanda ya dawo gida bayan juyin mulkin, shi ma sojojin suka ɗaure shi a 1975. Rijiyar da aka gina a 1959 ta ci mai ginin da wanda aka gina dominsa. Sai dab da taron ƙasa na 1991 aka sake buɗe fagen jam'iyyu da yawa, kuma sai a 2013 wani masani ɗan ƙasar Holan, Klaas van Walraven, ya wallafa cikakken tarihin Sawaba, wanda ya gina a kan takardun ajiya da kuma hira da tsofaffin ƴan jam'iyyar. Hanyar Bubu Hama ya bi, ya rubuta babin da Bubu Hama bai rubuta ba.

Nauyin da ya rage yana wuyan malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu. Jarrabawa biyu ce take jiran duk mai koyar da wannan tarihi. Ta farko ita ce ya ɓoye rabin labari don kada ya zubar da mutuncin magabata. Ɗalibin da aka yi wa haka, ranar da ya ji sauran daga bakin kakansa, zai daina yarda da malamin da littafin gaba ɗaya, har da gaskiyar da ke ciki. Ta biyu ita ce ya rushe mutumin baki ɗaya, ya ce tunda ya yi kaza to ba shi da abin koyi. Wannan ma asara ce, domin hannun mutum ba ya ruɓewa ya yanke ya yar, kuma wanda ya ƙi littattafan Bubu Hama saboda siyasarsa ya ƙi tarihin Gobir da na Songhai da tatsuniyoyin kakanninsa. Abin da ya fi wuya, ya kuma fi amfani, shi ne a ajiye wa ɗalibi shekarun a jere, 1959 ta gidan tarihi da 1959 ta haramta Sawaba, 1963 ta kora da 1966 ta littafin haɗin kai, a bar shi ya yi tambaya, a kuma daure a saurari tambayar. Laifi tudu ne: malamin da ke sukar shugabannin farko don sun hana jama'a magana, alhali a ajinsa babu mai ikon ɗaga hannu ya ce bai yarda ba, yana taka nasa ne yana hango na wani.

Akwai kuma aikin da ba ya jira. Wanda yake ɗan shekara ashirin a 1964 ya haura tamanin yanzu. A Bana da Gaya da Bengu da Tunuga da ƙauyukan da ke bakin iyaka akwai sauran tsofaffi, maza da mata, da suka ga fitar ƴan Dahome ta kan gada, suka ji dirin motocin soja, suka san wanda aka kama da wanda ya tsere Kamba bai dawo ba. Waɗansunsu ƴan giwa ne, waɗansu ƴan raƙumi, mafi yawansu manoma ne da masunta da masu dafa gishirin Foga da aka bi ta kansu. Matasan da suka ga an sake rufe gadar Gaya a 2023, jama'a suka koma tsallaka kogi da jirgin ruwa, ba za su rasa abin tambayar waɗannan dattawa ba. Bubu Hama sai da ya yi doguwar tafiya da takarda da alƙalami kafin ya sami labari guda. Yau wayar hannu ta isa. Kowace ƙungiyar al'adu tana iya zama da tsoho guda a wata, ta nemi izininsa, ta ɗauki maganarsa da harshen da ya fi so, Hausa ko Dendi ko Fulatanci, ta rubuta, ta ajiye kwafi a makarantar garin. A saurari wanda ya yaba wa gwamnatin Jori, a saurari wanda ta ɗaure masa uba, kada a tace wa kowa. Shi ya koyar da cewa maganar dattijo shaida ce, kuma hakkinsa ne a kan masu gadonsa su yi aiki da wannan darasi har a kan tarihinsa shi kansa.